Munsharin yara da tsokar bayan hanci: yaushe ake cirewa, yaushe ake jira?

Idan sanyin hunturu ya sauka a Garwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, da wuya ka shiga gida a Yelwa ko Foulbéré ko Roumdé Adjia ba ka tarar da yaro mai majina ba. Yawancinsu mura ce, kwana bakwai ko goma ta wuce. Amma akwai yaron da tasa ba ta wucewa. Hunturu ya tafi, zafin Maris ya zo, damina ta sauka, shi dai bakinsa a buɗe yake dare da rana. In ya kwanta sai munshari kamar na babban mutum, har yayyensa su riƙa kwaikwayonsa da safe. Uwar ce kaɗai ba ta dariya, domin ita ke farke lokacin da munsharin ke tsayawa cak, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai can yaron ya yi firgigit ya ja numfashi ya juya.

Abin da aka saba ji daga bakin kaka ko gwaggo shi ne: beli ne, a kira wanzami. Idan kuwa an riga an cire belin tun yana jariri, sai a ce ai ya sake tsirowa. Da za a kai wannan yaro wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a asibitocin Kamaru ake kira ORL, mai yiwuwa abin da zai rubuta a karnen yaron shi ne "végétations adénoïdes". Wata tsoka ce a bayan hanci, wadda askar wanzami ba ta kaiwa gare ta, kuma ko an haska fitila cikin baki ba a ganinta.

Abu uku da ake haɗawa wuri ɗaya

Idan yaro ya buɗe baki ya ce "aaa", za a ga beli yana reto a tsakiya, a ƙarshen ganda. A hagu da dama akwai ƙululu biyu, su ne likita ke kira "amygdales". Ta ukun tana ɓoye a sama, bayan labulen gandar, daidai inda hanyar hanci ke sauka cikin maƙogwaro. Ita za mu kira tsokar bayan hanci.

Kowane yaro da ita aka haife shi, kuma ba cuta ba ce. Ita da ƙululun nan biyu dangi ne, aikinsu gadin ƙofa: su tare ƙwayoyin cuta da ke shigowa da iska, su koya wa jiki yadda zai yaƙe su. Tana girma a shekarun farko, ta fi cika tsakanin shekara 3 zuwa 7, sannan ta riƙa motsewa, har ta kusan ɓacewa bayan balaga. Matsalar ita ce ɗakin da take zaune ƙarami ne. A wasu yaran tsokar kan riga ɗakin girma, ko kuma mura a kai a kai da ƙura da hayaƙi su sa ta kumbura ta ƙi sacewa. Daga nan hanyar iska ta toshe.

Wani likita a Kofanhagen ta ƙasar Danmak, Wilhelm Meyer, shi ya fara bayyana wannan larura a ƙarshen shekarun 1860, ya kuma ƙera ɗan wuƙa mai zobe na kankare tsokar. Kafin shi likitocin Turai ma suna ganin yara masu buɗaɗɗen baki da nauyin ji, suna ɗauka dolanci ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kakanninmu su ɗora laifin a kan beli, tunda shi ido ke gani.

Sai dai yanke belin ba ya buɗe hanci ko kaɗan. Abin da yake jawowa kuwa likitocin yara a arewacin Kamaru da Najeriya da Nijar da Cadi sun san shi sarai: zubar jini, wanda a jariri ɗan kwana bakwai kan iya kaiwa ga rasa rai, ga ruɓewar ciwo, ga cutar tetanos mai sarƙe haƙora, ga ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka idan ƙarfe ɗaya ya shiga bakuna da yawa. Wanzamai mutanen mutunci ne a unguwa, sana'arsu gado ce, amma wannan larura ba a hurumin su take ba.

Abin da toshewar ke yi wa yaro

Munshari shi ne abin da kowa ke ji, amma ba shi ne babbar ɓarnar ba. Yaron da numfashinsa ke yankewa cikin barci yana farkawa sau da yawa a dare ɗaya ba tare da ya sani ba. Babba idan bai samu barci ba, gyangyaɗi yake yi. Yaro kuwa sau da yawa akasin haka ne: ƙiriniya, saurin fushi, rashin zama wuri ɗaya. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani ya ƙi ƙiba duk da yana ci, domin ƙarfinsa na tafiya wajen jan numfashi, kuma sinadarin da ke sa yaro girma ya fi fita ne lokacin barci mai nauyi. Cin abinci ma wahala ne, tunda da bakin da zai tauna da shi yake numfashi, shi ya sa za a ga ya daɗe a kan kwano ɗaya. Idan toshewar ta yi tsanani kuma ta daɗe, tana iya nauyaya wa ɓangaren dama na zuciya. Wannan ba kasafai ba ne, amma yana faruwa.

Shekaru na numfashi ta baki kan shafi kamannin fuska: ta yi tsawo, ganda ta yi zurfi, haƙoran sama su turo gaba. Murya kuma kullum kamar ta mai mura.

Inda na fi so iyaye su tsaya su yi tunani shi ne kunne. Daga cikin kowane kunne akwai ɗan siririn bututu da ke sauka zuwa bayan hanci, kuma bakinsa yana dab da wannan tsoka. Ta nan iska ke shiga kunne, ta nan ruwa ke tsiyayewa. Idan tsokar ta kumbura, ko ta zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, sai ruwa mai kauri ya taru a bayan dodon kunne. Sau da yawa babu zafi, babu zazzaɓi, babu ruwan da ke fitowa waje. Yaron dai yana ji ne kamar wanda ya toshe kunnuwa da yatsu. A gida ba a cika ganewa ba, saboda ya san Hausa ko Fulatanci, in ya ji rabin magana zai cike sauran. Amma a kai shi aji mai yara tamanin ko ɗari, a ce ya koyi Faransanci daga bakin malamin da ke can gaban allo, ko a makarantar allo a ce ya bambance haruffan Larabci da kunne. Nan ne ake ce masa daƙiƙi, ko mai taurin kai, har a kai ga bulala. Duk yaron da ke numfashi ta baki, kuma sai an kira shi sau biyu ko uku kafin ya waiwayo, ko yana manne wa talabijin, ya kamata a auna jinsa kafin a yanke masa hukunci.

Yadda ake ganewa

Abu mafi amfani da uwa za ta riƙe zuwa asibiti yana cikin wayarta. A ɗauki bidiyon minti biyu ko uku yaron na barci, riga a ɗage yadda za a ga ƙirji da wuya, a bar sautin ya fito. A ofishin likita yaro a farke yake, ba zai yi munshari ba, amma bidiyo zai nuna ko ƙirjin na lotsawa, ko numfashin na tsayawa.

Likitan zai duba kunne da hanci da baki. Don ganin tsokar kanta, hanya mafi kyau ita ce wani siririn bututu mai fitila da ake zurawa ta hanci, minti ɗaya ko biyu an gama, ba sai an sa barci ba. Inda babu shi ana ɗaukar hoton wuya ta gefe, wanda a takarda za a ga an rubuta "radio du cavum". Hoton na taimakawa, sai dai ba hoto ake yi wa aiki ba. Tsoka babba a jikin yaron da ke barci lafiya, yana ji lafiya, yana girma lafiya, ba ta buƙatar wuƙa.

Kafin a kai ga aiki

Idan larurar ba ta yi tsanani ba, ana farawa da magani. Ana wanke hanci da ruwan gishirin farmasi, wato "sérum physiologique", safe da dare, musamman lokacin ƙura. Likita kan rubuta maganin fesawa a hanci mai rage kumburi, irin su mometasone, a yi makonni ana fesawa kafin a sake dubawa. Wasu yaran da wannan kaɗai suke samun sauƙi. A gida kuma a rage abin da ke ƙara kumburin: kada a goya yaro a tsaya kan murhun itace, kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi ko turaren wuta a rufe ɗaki yana ciki, mai shan taba ya fita waje.

Akwai ɗigon hanci da ake sayarwa a teburan magani na kasuwa, mai buɗe hanci nan take. Kada a ɗiga wa ƙaramin yaro. Bayan 'yan kwanaki hancin kan ƙara toshewa fiye da da, kuma a jikin ƙananan yara yana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. A Faransa an hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 15 irin waɗannan magunguna. Haka nan kwalaben antibiyotik da ake saye duk wata ba sa motsar da tsokar.

Shin jira na da amfani? Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2013, ya bi yara 464 masu shekara 5 zuwa 9 da ke da yankewar numfashi cikin barci. An cire wa rabinsu tsokar bayan hanci da ƙululun maƙogwaro, aka bar rabin ana sa musu ido. Bayan wata bakwai, kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki barcinsu ya daidaita. Cikin waɗanda aka bari kuwa, kashi 46 sun daidaita da kansu. Wannan sakamako fuska biyu gare shi. Aikin na yin amfani ƙwarai, kuma iyaye da malamai sun ga canji a halayyar yaran. Amma kusan rabin waɗanda ba a taɓa ba sun warware cikin watanni. A lura dai, ba a sa yara masu larura mafi tsanani cikin binciken ba.

A ganina, iyayen da likita ya ce musu a jira wata uku a sake dubawa kada su ɗauka an raina su. Waɗanda kuma aka ce musu lokaci ya yi kada su tsaya jiran "zai girma ya daina". Gaskiya ne tsokar za ta motse, amma shekarun koyon magana da karatu ba sa jiran ta. Dalilan da suka fi sa a yi aikin su ne numfashi na tsayawa cikin barci, hanci a toshe wata da watanni duk da magani, ruwa a bayan dodon kunne fiye da wata uku tare da raguwar ji, da majina mai ruwan ɗorawa ko ciwon kunne da ke ta dawowa.

Aikin kansa

Ana sa yaro barci gaba ɗaya. Likita na bi ta baki ne, saboda haka babu yanka a fuska ko wuya, babu ɗinki. Ana kankare tsokar da wani ƙarfe mai kama da cokali, jikan wuƙar Meyer, ko a ƙone ta da na'urar lantarki, sannan a tsayar da jini. Yawanci bai wuce minti 20 zuwa 30 ba. Idan ƙululun maƙogwaro ma sun toshe hanya, ana haɗawa da su, kuma a sani cewa cire su ya fi zafi, ya fi daɗewa kafin a warke, ya kuma fi haɗarin jini. Idan akwai ruwa a kunne, likita kan huda dodon kunnen ya tsotse ruwan, ya dasa ɗan mitsitsin bututu da Faransawa ke kira "yoyo", wanda ke faɗowa da kansa bayan watanni.

Tambayar da kusan kowane uba ke yi: idan aka cire mai gadi, cuta ba za ta shigo ba? Jiki na da irin wannan tsoka a wurare da dama, a gindin harshe da hanji da sauransu, kuma suna ɗaukar aikin. Tsokar da ta kai ga a cire ta ma, sau da yawa ta riga ta zama gidan ƙwayoyin cutar.

Abin tsoro na gaskiya a wannan aiki ya fi karkata ga sa barci da shirin da aka yi kafinsa. Shi ya sa ganawa da likitan sa barci ba ɓata lokaci ba ce, kuma akwai abubuwan da a yankinmu dole a faɗa masa ko bai tambaya ba.

Na farko sikila. Yara masu sikila sun fi sauran yara samun kumburin wannan tsoka, kuma ƙarancin iska cikin barci na iya tayar musu da ciwo, don haka sau da yawa su suka fi buƙatar aikin. Amma su ne kuma suka fi buƙatar shiri: ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, da kwana a asibiti. Idan ba a taɓa gwada yaro ba, a nemi gwajin "électrophorèse". Na biyu ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare bayan damina saboda zazzaɓin sauro. Idan yaro na zazzaɓi ko tari mai ƙarfi ranar aiki, ɗagewa ake yi, kuma hakan daidai ne ko da an zo daga nesa. Na uku, idan a dangi akwai mai zubar jini da wuyar tsayawa, ko yaron ya zubar da jini sosai lokacin kaciya ko cire beli, a faɗa. A faɗi duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake ba shi.

Na huɗu ya sake dawo da mu ga beli. Wasu yara ana haifarsu da tsagewar ganda a ɓoye ƙarƙashin fata, kuma tsokar bayan hanci ce ke taimaka musu rufe hanyar hanci idan suna magana ko haɗiya. Idan aka cire ta duka, magana sai ta riƙa fita ta hanci, ruwa ma ya biyo ta nan. Ɗaya daga cikin alamun da likita ke dubawa ita ce beli mai baki biyu. Yaron da aka yanke wa beli ya rasa wannan alama, saboda haka a gaya wa likita an yanke, a kuma gaya masa idan nono na fitowa ta hancin yaron yana jariri. Babu abin kunya a ciki.

Sai azumin kafin aiki. Yawanci awa shida babu abinci babu madara, ruwa zalla kuma a tsaya awa biyu kafin lokaci, ko yadda likitan ya faɗa. Tausayi kan sa wata kaka ta ɓoye ta ba yaro koko ko ƙosai a bakin ƙofa. Abin da ke cikin ciki na iya tasowa ya shiga huhu yana barci. In an ba shi, a faɗi gaskiya a ɗage aikin.

Bayan an dawo gida

Yawancin yara suna komawa gida ran nan ko washegari. Ƙanana sosai, da masu sikila, da waɗanda numfashinsu ke yankewa da yawa, ana riƙe su a sa musu ido. Kwanakin farko za a ji warin baki, hanci zai toshe saboda kumburi, munshari ma na iya ci gaba na mako ɗaya ko biyu. Wuya kan ɗan sage, murya ta ɗan canza. Duk waɗannan suna wucewa. A ba shi ruwa sosai, musamman a zafin Garwa da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, da abinci mai laushi wanda ya huce: kunu, koko, yawur, tuwo mai taushi da miya marar yaji. Mako guda a gida ya isa kafin komawa makaranta.

Maganin zafi shi ne parasitamol, gwargwadon nauyin yaro, ko abin da likita ya rubuta. Kada a ba shi asfirin. Kada kuma a kuskura a ba shi tramol ko wani sirop mai kodin, ko da wani ya ce kaɗan ne don ya samu barci. Wasu yara jikinsu na sarrafa waɗannan magunguna da sauri fiye da kima, numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya. Bayan mutuwar yara da aka yi wa irin wannan aiki, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mafi tsanani a kan kodin a 2013, sannan a 2017 ta hana ba su tramadol. A garin da ake samun tramol cikin sauƙi a tashar mota da bakin kasuwa, wannan gargaɗi namu ne.

A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan jini ja na fita ta hanci ko baki, ko yaron na yawan haɗiya yana amai da jini, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ya ƙi shan komai har fitsari ya ragu, ko wuyansa ya karkace ya kasa juya shi. A wasu yaran, musamman waɗanda aka yi wa aiki suna ƙanana sosai, tsokar kan sake girma, don haka idan munshari ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a sake dubawa.

Ina za a je?

Likitocin ORL a Kamaru sun fi taruwa a Yawunde da Duwala, kuma wannan ne ya sa iyaye da yawa a arewa ba su taɓa jin sunan wannan larura ba. Garwa dai ta samu ƙari a 'yan shekarun nan: ban da tsohon asibitin yanki, akwai sabon Centre Hospitalier Régional da Hôpital Général, ga kuma tsangayar koyon likitanci da ke ƙarƙashin Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022. Mutumin Gidar ko Pitowa ko Lagdo ko Poli ya fara da asibitin gundumarsa, ya nemi takardar turawa, ya kuma tambayi ranar da likitan ORL ke ganin marasa lafiya kafin ya biya kuɗin mota. Masu dangi a ƙetaren iyaka kan nufi asibitin koyarwa na Yola, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Duk inda za a je, tambaya biyu sun fi sunan asibitin muhimmanci: wa zai sa yaron barci, kuma akwai jini da iskar oksijin a kusa idan an buƙata?

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, CSU, wanda aka ƙaddamar da kashinsa na farko a Afrilun 2023, ya sa ganin likita ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar cikin abubuwan da yake ɗauka, don haka yana da kyau a yi wa yaro rajista. Kuɗin aikin kuwa a nemi a rubuto shi a takarda tun da wuri, a tabbatar an haɗa da gwajin jini da magunguna da kuɗin gado.

Wanda ya zo daga ƙauye ko ya ƙetaro iyaka kada ya kama hanya ranar da aka sallame shi. Ya sauka wurin 'yan uwa a cikin gari na 'yan kwanaki. Idan an haɗa da ƙululun maƙogwaro, ya yi shirin mako biyu, domin jinin da ke biyo bayan cire su ya fi zuwa tsakanin kwana na biyar da na goma, lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa.